Ƙudan da ya ari rigar zuma: amsa kan dangin Eristalinus da inda suke a duniya

Wani mai lambu ne ya aiko da tambaya. Ya ce: "Malam, bana da mangwarona ya yi huda na riƙa ganin wani ƙwaro kamar ƙudan zuma, amma idanunsa manya ne masu zane kamar an ja musu layi, kuma yakan tsaya cak a iska ba gaba ba baya. A kwatamin bayan gida kuma yara sun tono wata tsutsa mai doguwar wutsiya, wani ya ce mini uwarsu ɗaya. Zuma ce ko ƙuda? Iri nawa ne, kuma daga ina suka zo mana? Ko in yi musu feshi?"

Malam, bari in fara da ta ƙarshen, don ita ce ba ta jira: kada ka yi feshi. Wanda ya ce maka uwarsu ɗaya ya faɗi gaskiya. Tsutsar kwatamin ita ce take zama ƙwaron da ka gani a kan huda, kuma ƙuda ne tsantsa, ba shi da haɗi da zuma sai kama, kama da wane kuwa ba ta wane. Zanen idon da ka ambata ya isa in ce maka daga dangin da masana ke kira Eristalinus ya fito. Batun daga ina suka zo mana kuwa, ba baƙi ba ne. Afirka ce babbar cibiyar wannan dangi, kuma akwai ƙasashen da su ne ya kamata su yi tambayarka game da shi.

Idan ka sake samun ɗaya ya zauna a kan fure, matsa kusa ka dubi kansa kafin komai. Ƙudan zuma yana da ƙahonnin ji dogaye masu lanƙwasa kamar gwiwar hannu, idanunsa kuma a gefe-gefe suke. Wannan kuwa ƙahonninsa 'yan guntaye ne a tsakiyar fuska, kowanne da siririn gashi ɗaya, ido ya cinye kusan dukan kan. A namiji ma idanun biyu sukan haɗe a sama, a mace a bar 'yar rata. Fukafukinsa 2 ne, na zuma 4. A gurbin na bayan akwai wasu 'yan ƙananan sanduna masu kan kulki da yake daidaita kansa da su in yana tashi, kuma suna cikin abin da ya sa yake iya tsayawa a iska ya kuma zille kamar walƙiya. Ba shi da jakar ɗaukar garin fure a ƙafar baya irin ta zuma. Ba shi da ƙari. Nakan kama shi da hannu a gaban ɗalibai, in rufe tafina a hankali. Yakan yi ƙugi sosai, ya riƙa lanƙwasa ciki kamar mai shirin harbi, ɗalibai su ja da baya. In na buɗe hannu babu ko ɗigon ja, ya tashi abinsa. Duk wanda ya ga wannan sau ɗaya ba ya sake ruɗewa.

Babban gidan da ya fito sunansa Syrphidae, mu ce ƙudajen fure. Akwai nau'i sama da 6,000 da aka bayyana a duniya, an kasa su dangi-dangi har wajen 200. Nan zan riƙa cewa "dangi" ga rukunin da ke da sunan farko ɗaya, kamar Eristalinus, in ce "nau'i" ga kowane ɗaya a cikinsa, kamar Eristalinus taeniops. Tambarin gidan yana kan fiffike: wata jijiyar ƙarya da ta bi tsawonsa ba ta haɗu da kowace jijiya a ƙarshenta ba. Ɓangaren da naka yake ciki yana da ƙarin alama, wata jijiya kusa da bakin fiffiken da ta lotsa ƙasa sosai kamar ƙugiya sannan ta dawo. Da ƙaramin gilashin ƙara girma za ka gan ta.

Aron rigar zuma dabarar tsira ce. Tsuntsu ko ƙadangaren da ya taɓa shan harbi ba ya son maimaitawa, don haka duk mai launin rawaya da baƙi da ƙugi sai ya ba shi hanya. Ba tsuntsaye kaɗai dabarar ta ci ba. Mutanen Girka da Rum na dā sun yi imani cewa zuma na fitowa daga mushen bijimi, har mawaƙin Rum Virgil ya tsara yadda ake yi. A 1894 masanin ƙudaje Osten Sacken ya yi bayanin cewa abin da suke gani yana tashi daga ruwan mushe ba zuma ba ce, Eristalis tenax ne, ɗan'uwan naka na kusa. Don haka ba kai ka fara wannan ruɗanin ba, ya haura shekara 2,000.

Sunan Eristalinus kuwa wani masanin ƙudaje ɗan Italiya, Camillo Rondani na birnin Parma, shi ya raɗa shi a 1845, ya ware shi daga Eristalis. Nau'in da aka kafa dangin a kansa shi ne wanda masanin halittu Linnaeus ya bayyana tun 1758, Eristalinus sepulchralis. Abin da ya fi saurin raba dangin biyu shi ne ido. Na Eristalis launi ɗaya ne, ƙasa-ƙasa ko baƙi. Na Eristalinus kuwa yawanci rawaya-rawaya ne da aka yi wa ado, ko dai da ɗige-ɗige kamar an watsa barkono, ko da layuka a tsaye. A 1897 wani masanin ƙudaje, Josef Mik, ya ba masu layi suna Eristalodes, ya ba wani rukuni na masu ɗigo Lathyrophthalmus, kuma in ka ci karo da tsofaffin rubuce-rubuce za ka tarar da waɗannan sunaye a matsayin dangi masu zaman kansu. Yau galibi ana ɗaukarsu ƙananan rassa ne a cikin Eristalinus. Yawan nau'in dangin yana tsakanin 75 da 100, gwargwadon yadda mai ƙirga ya haɗe wasu sunaye ko ya raba su, kuma wajen 50 daga ciki a Afirka kudu da Sahara suke. Sauran mafi yawansu suna yankin Indiya zuwa kudu maso gabashin Asiya da Ostireliya. Turai duka 'yan ƙalilan gare ta, ba su cika yatsun hannu biyu ba.

Tunda ka ce layi ka gani ba ɗigo ba, wanda na fi zato shi ne Eristalinus taeniops. Sunan ma daga Girkanci yake, ma'anarsa mai ɗamara a ido. Tsawonsa milimita 11 zuwa 14, wato kusan girman ƙudan zuma, kuma kowane ido yana da baƙaƙen layuka 5 a tsaye a kan rawaya. Ƙirjinsa toka-toka ne mai dishi-dishin zane, cikinsa ruwan goro da baƙaƙen ɗamaru. Bajamushe Wiedemann ne ya bayyana shi a 1818, cikin ƙwarin da aka kai masa daga kudancin Afirka ta Kudu. Daga can ƙasan nahiyar har gaɓar Bahar Rum akwai shi: gabashin Afirka, yammacinta, Masar, Maroko. Ya tsallaka zuwa Fotugal da Sifaniya da kudancin Faransa da Italiya da Girka da Turkiyya, ya bi ta ƙasashen Larabawa da Iran zuwa Pakistan da Indiya da Nepal. A arewa sanyi ne ya taka masa birki, shi ya sa ba a saba ganinsa a Jamus ko Ingila ba.

Wannan nau'in ne kuma ya yi tafiyar da ta fi ba ni sha'awa. Asali babu shi a nahiyar Amurka. A shekarun 1980 aka fara kama shi a jihar Fulorida, daga baya ya bayyana a Kalifoniya, sannan aka same shi a Kudancin Amurka, a ƙasashe irin su Chile da Ajantina da Barazil. Yau mai lambu a can yakan ɗauki hotonsa ya yi tambaya irin taka, sai dai shi amsarsa ita ce baƙo ne daga tsohuwar duniya, wato Afirka da Turai da Asiya.

Wanda ya fi shi yawo a dangin shi ne Eristalinus aeneus, wanda Scopoli ya bayyana a 1763 daga yankin da yake Sulobeniya a yau. Shi bai damu da kwaikwayon zuma sosai ba. Jikinsa baƙi ne mai sheƙin tagulla, sunan nasa ma tagulla yake nufi, ido kuma cike da ɗige-ɗige. Yana Turai, Arewacin Afirka, Gabas ta Tsakiya, tsakiyar Asiya har Sin, yana wasu sassan Afirka kudu da Sahara, yana Amurka ta Arewa da Hawayi da Ostireliya. Abin lura a kansa shi ne yadda halinsa yake sauyawa da wuri. A Birtaniya kusan ba a ganinsa sai a bakin teku, inda tsutsarsa ke rayuwa a 'yan kududdufan duwatsu da ciyawar teku ta ruɓe a ciki, ruwa mai gishiri-gishiri. A ƙasashe masu ɗumi kuwa yakan shiga can cikin tudu, ya zauna a magudanan gari da wuraren tara ƙazantar dabbobi. Jure gishirin nan ba ƙaramin jari ba ne ga ƙwaron da ke bin tashoshin jiragen ruwa.

Eristalinus sepulchralis shi ne ɗan sanyin dangin. Ƙarami ne, baƙi, ɗan gajere, yana daga yammacin Turai ya ratsa Rasha har Japan, a bakin tafkuna da fadamun da shanu ke tattakawa. Shi ne kuma ya karya ƙa'idar da na gaya maka ɗazu, domin idanun namijinsa ba sa haɗewa a sama. Eristalinus megacephalus kuwa, wanda Rossi ya bayyana daga Italiya a 1794, mai ɗigon ido ne da zanen tsaye a ƙirji, kuma hanyarsa ta yi kama da ta taeniops: kewayen Bahar Rum, Afirka, ƙasashen Larabawa, har Indiya da gaba. Shi ma kana iya cin karo da shi a lambunka.

A nan gida Afirka ne lissafin yake yin kauri, kuma nan ne zan roƙe ka ka riƙe zaton da na yi a matsayin zato. Ba taeniops kaɗai ke da layi a ido ba. Akwai Eristalinus quinquelineatus, wanda Fabricius ya bayyana a 1781, mai layuka masu haske guda 5 a ƙirji, ya bazu a sassa da yawa na nahiyar, kuma mai kallo daga nesa zai iya ɗaukarsa taeniops. Akwai Eristalinus tabanoides na busassun wurare, daga Afirka zuwa yankin Larabawa. Akwai Eristalinus smaragdinus mai sheƙin kore, da vicarians, da fuscicornis, da wasu da dama waɗanda ko suna na gida ba su da shi a kowane harshe, saboda ba wanda ya taɓa tsayawa ya bambance su sai masu madubin bincike. Wasu na dajin kurmi ne, wasu na tsaunukan gabas, wasu a tsibirin Madagaska kawai ake samunsu. Raba wasunsu sai an duba launin ƙafa, da yadda gashi ya kwanta a ido, wani lokaci har da gaɓoɓin haihuwar namiji. Dangin dai na tabbatar maka da shi daga bayaninka. Nau'in sai na ga hoto.

Gabas zan bi ta da sauri. Eristalinus arvorum ya cika Indiya da kudu maso gabashin Asiya da kudancin Sin, ya kai Ostireliya da tsibiran tekun Fasifik har Hawayi. Eristalinus quinquestriatus yana daga Indiya zuwa Japan, tarsalis yana Sin da Koriya da Japan, punctulatus kuma ɗan ƙasar Ostireliya ne mai ruwan zinariya.

Idan ka shimfiɗa waɗannan a kan taswira za ka ga siffa ta fito. Eristalinus dangin zafi ne na tsohuwar duniya, ya yi kauri a Afirka da kudancin Asiya, yana sirancewa yayin da ake yin arewa. Ɗan'uwansa Eristalis akasin haka yake: yawansa a ƙasashen sanyi na Turai da arewacin Asiya da Amurka ta Arewa, a Afirka kudu da Sahara kuma ɗan kaɗan ne. A yankin zafi na Amurka wani dangi ne daban, Palpada, yake riƙe da wannan gurbi, tsutsarsa ita ma mai wutsiya ce, tana cin abin da tasu ke ci. Kamar an raba gona ne tsakanin 'yan'uwa uku. Hamadar Sahara, wadda ta raba dabbobi da yawa gida biyu, ba ta hana taeniops da megacephalus zama a ɓangarorinta biyu ba, domin ƙudan fure mai ƙarfin tashi ne, kuma kwarin Nilu da gaɓar Bahar Maliya da dausayoyin hamada duk suna da abin da yake nema, wato ɗan ruwa mai ruɓa da fure a kusa.

Wannan ya kawo mu ga tsutsar da yara suka tono, wadda a ganina ita ce mabuɗin dukan labarin. In ka sa ta a kwalba mai ruwa kaɗan ka zauna ka kalla, za ka ga jikinta fari-fari ne mai taushi, bai wuce santimita 2 ba, da 'yan ƙafafun ƙarya a ƙasa masu ƙananan ƙugiyoyi. Wutsiyar ba wutsiya ba ce, bututun numfashi ne mai gaɓa 3 da ke shigewa cikin juna kamar eriyar rediyo. A ƙarshensa akwai 'yan gasu da ke buɗewa a saman ruwa su riƙe bakin bututun kada ya nutse. Ƙara ruwa a kwalbar kaɗan-kaɗan, za ka ga bututun yana miƙewa yana siranta har ya zama kamar zare, ita kuwa tana ƙasa tana kiwonta. A Eristalis tenax yakan kai santimita 15. Na yi wannan gwaji ban san iyaka ba, har yau in na ga zaren nan ya taɓo saman ruwa sai na ji tsigar jikina ta tashi don mamakin halitta. Bafaranshe Réaumur ne ya laƙaba musu suna tsutsa mai wutsiyar ɓera tun a ƙarni na 18, sunan kuma ya bi su har yau a harsuna da yawa.

Amfanin bututun shi ne ruwan da take zaune a ciki ba shi da iskar shaƙa. Ruwan kwatami, ruwan da ke tsiyaya daga turken shanu, ramin da ake jiƙa fata a majema, bayan mahauta, sokawe da ya cika, duk wuraren da ƙwayoyin bakteriya suka shanye iskar da ke cikin ruwan har kifi da yawancin ƙwari ba sa iya zama. Ita tana shaƙa daga sama, tana tace ruwan da bakinta tana cin bakteriyar da ɓarɓashin ruɓa. Ba ta da abokin takara sosai a wurin. Uwar takan zuba fararen ƙwai a tare a gefen ruwan, su ƙyanƙyashe cikin 'yan kwanaki. Tsutsar takan yi saɓa sau biyu tana girma, in ta ƙoshi sai ta fito ta rarrafa neman busasshen wuri, a nan ne mutane suka fi ganinta tana jan wutsiya a kan siminti. Fatarta ta taurare ta yi ƙasa-ƙasa, 'yan ƙahonni su fito a gaba, bayan mako guda da 'yan kwanaki ƙuda ya fasa ya fito. A lokacin zafi duka zagayen bai fi wata guda ba, in da sanyi ya ɗan ja.

To duk inda ɗan Adam ya zauna da dabbobinsa yana samar da irin wannan ruwa. Shi ya sa nau'o'in da suka saba da zama kusa da mutane, taeniops da aeneus da arvorum, su ne suka fi bazuwa, na cikin kurmi masu neman kogon itace ko wani keɓaɓɓen wuri kuma suka tsaya inda suke. Jirgin ruwa mai ɗauke da dabbobi ko kayan gona ko tukwanen shuke-shuke ya ishi tsutsa ko ƙwai su tsallaka teku, in sun sauka kuma abincinsu na jiransu a bayan kowace kasuwa. Hanyar ba ɓangare ɗaya take bi ba. Wani ƙudan fure mai sheƙin kore daga yankin zafi na Amurka, Ornidia obesa, ya daɗe da bazuwa a tsohuwar duniya. A 2015 kuma masu bincike suka ba da rahoton wani ɗan ƙarami, Toxomerus floralis, shi ma ɗan Amurka, a Togo da Benin da Najeriya da Kamaru, tsutsarsa tana cin garin furen aya-aya da goga-masu, ciyayin da kowane manomi a nan ya sani. Mun ba su, sun ba mu.

Abin da ya kai shi kan mangwaronka kuwa abinci ne. Babban ƙudan ba ya cin ƙazanta. Ruwan zaƙin fure yake sha don ƙarfin tashi, macen kuma tana bukatar garin fure kafin ƙwanta ya nuna. Furen mangwaro ƙanana ne a buɗe, zaƙinsu a fili, daidai bakin ƙuda, kuma an daɗe da sanin cewa ƙudaje suna cikin manyan masu yi wa mangwaro barbara. Jikin Eristalinus yana da gashi, garin yana maƙalewa, ya kai shi fure na gaba. Haka yake yi wa albasar da aka bari ta yi kai don iri, da karas, da su kankana. Masu fitar da irin albasa, ko a Galmi ko a Aliero, in suka duba fararen kawunan nan da hantsi za su ga ba zuma kaɗai ke aiki ba. A kudancin Sifaniya, yankin Almeriya mai gidajen leda na noma, har kiwon Eristalinus aeneus ake yi ana sayar wa manoma su saka a rumfunansu, an kuma gwada shi a kan mangwaro da kankana ya yi aiki. Abin da wani yake saye da kuɗi ke nan ya zo maka kyauta. Feshi a lokacin huda zai kashe shi, ya kashe zuma, kai kuma ka ga huda ta zube ba 'ya'ya ka ɗora wa iska laifi. Wannan abu yana ci mini tuwo a ƙwarya, domin na sha ganin lambun da aka yi wa wanka da magani ana tsakiyar fure saboda tsoron ƙwaron da ba ya cin ganye, ba ya huda 'ya'ya, ba ya harbi.

Ba zan ɓoye maka ɗaya gefen ba. Ruwa ba ya tsami banza, kuma ganin tsutsar nan shaida ce cewa ruwan wurin ya ƙazantu sosai kuma ya daɗe a kwance. Ita kanta ba ta cizo, ba ta yaɗa zazzaɓi kamar sauro, tana ma rage ruɓar da take ciki. Amma kwatamin da ya dace da ita ya dace da sauron gida da ƙudan tuwo. Maganin shi ne a yashe shi, a buɗe wa ruwa hanya, a rufe bakin sokawe, ba a zuba guba ba. Idan kuwa a rijiya ko randa ko tankin ruwan sha aka gan ta, wannan magana ce babba: ƙazanta tana shiga ruwan daga wani wuri, a daina sha sai an gano kafar an gyara. Akwai rahotannin likitoci, ba masu yawa ba, na mutanen da suka haɗiyi ƙwai ko ƙaramar tsutsar irin waɗannan ƙudaje a gurɓataccen ruwa ta fito musu a bayan gida, wani lokaci da ciwon ciki. Sau da yawa kuma wadda aka gani a masai daga bututu ta hauro, ba daga cikin mutum ta fito ba. Wanda ya yi shakka ya sa ta a kwalba ya tafi da ita asibiti.

Akwai 'yan gidan su da za ka iya gani a kan bishiya ɗaya ka ɗauka shi ne. Phytomia ƙato ne mai faɗin jiki da babban kai. Mesembrius yana da layukan rawaya a tsaye a ƙirji amma idonsa ba ado. Wani siriri kuma mai rawaya da baƙi kamar ƙaramar rina, Ischiodon aegyptius, tsutsarsa ba ta shiga ruwa sam, a kan ganye take tana cin darɓar wake da ta kayan lambu, don haka shi ma abokin aikinka ne. Kullum ido za ka fara dubawa.

Ina so ka taimaka mini da abu ɗaya. Aikin tattara ƙudajen fure na Afirka ya daɗe, tun littafin da Mario Bezzi ya fitar a 1915 a kan samfuran gidan tarihi na Landan, har zuwa aikin da masana na gidan tarihin Afirka da ke Tervuren a Beljiyam suke yi yanzu tare da ma'ajiyar ƙwari ta cibiyar binciken noma ta IITA da ke Kwatano. Amma yawancin samfuran daga kudu da gabashin nahiyar da yankin kurmi suka fito. Ƙasarmu ta savana da Sahel ɗigon da ke kan taswira kaɗan ne, ba don ƙudan babu ba, sai don masu kamawa su rubuta sun yi ƙaranci. Don haka hoto ɗaya mai kyau daga lambunka yana da daraja. Ka fita da sassafe lokacin hunturu, sanyi bai sake su ba, sukan zauna shiru a kan ganye suna shan hantsi. Ka ɗauki hoto uku: ɗaya daga sama yadda zanen ƙirji da ciki za su fito, ɗaya daga gefe don ƙafafu, ɗaya ta fuska don ido. Ka rubuta ranar da sunan garin da irin furen da ka same shi a kai. In ka samu matacce, sa shi a ƙaramar kwalba da auduga a wuri busasshe inda tururuwa ba za ta kai ba. Tsutsar kuma, in yara sun sake samo manya, zuba ɗan ruwan wurin da laka a gwangwani, ka jingina shi a cikin bokiti mai busasshen yashi ko dusa, ka rufe da gidan sauro. Za su fito da kansu su shige yashin, kuma cikin mako biyu za ka ga abin da zai fasa ya fito, ka ƙirga layukan idonsa ka aiko mini.